Kitse a Cibiyar Keke

Ranar Talata, 10 ga watan Satumba na shekarar 2024, gari ya waye a Garin Jaye da sanyin ruwan da aka kwana ana yi. Hadari ya janye gabas, ƙasa ta yi laushi, gero a bayan gari ya sunkuyar da kai don nauyi. Da hantsi Saliha ta fito daga ɗaki da wata ambulan mai ruwan ƙasa, tana riƙe da ita hannu biyu kamar jaririn da aka yanke wa cibi yanzu.

Shekara goma sha tara ke nan tana karɓar haihuwa a garin, ba ta da takarda ko ɗaya da ta ce ta iya. Bana wata makaranta a Maraɗi ta buɗe horo na wata shida ga ungozomomin karkara, gurbi ashirin kacal. Daraktan lakol, wato shugaban makarantar bokon garin, ya rubuta mata wasiƙar neman gurbi, ya haɗa da hotuna biyu da takardar haihuwa, ya kuma ja mata kunne a kan abu biyu. Kada a liƙe ambulan sai an manna wa wasiƙar tambur, wato kan sarki, a Agiye. Sannan hatimin gidan waya shi ne shaida: in ya wuce ranar Alhamis, sha biyu ga wata, ko kallon takardar ba za a yi ba. Daga Garin Jaye zuwa Agiye kilomita goma sha ɗaya ne. Nufinta ta nemi izini, ta hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya, ta je ta dawo kafin azahar.

Ta tarar da mijinta, Ɗanlami, a zaure yana goge kekensa da tsohon ɗankwalinta. Ɗanlami ya yi shekara goma sha ɗaya yana ɗan aike a wani buro, wato ofishin gwamnati, a Agiye, ya dawo gida da abu uku: tabarau, biro marar tawada da ba ya barin aljihun gaba, da Faransanci. Mutanen gari suna ce masa Shef, don shi ya roƙa a riƙa faɗa. Keken kuwa bara ya saye shi a gwanjon Maraɗi bayan an cire gyaɗa. Tayoyinsa masu kauri ne, masu haƙora kamar bayan kada, giyarsa ashirin da ɗaya, kuma an ce don hawan duwatsu aka ƙera shi. A Garin Jaye abin da ya fi kowane tudu tsawo shi ne jujin bayan rumfar mahauta, kuma Ɗanlami ya hau shi sau biyu a gaban shaidu.

Da ta faɗi buƙatarta, sai ya miƙa hannu ya karɓi ambulan ɗin ya zura a aljihun riga.

"Matar mai keke irin wanga ta hau kabu-kabu? Mi mutane za su ce?"

Ya tuna mata cewa kai wasiƙa aikinsa ne na gwamnati, kuma a shekara goma sha ɗaya ba wadda ta taɓa ɓata a hannunsa, in ban da guda biyu, su ma ba masu muhimmanci ba ne. Ya ce ta zuba masa kunu ta ajiye, zai je Agiye ya dawo kafin ya huce.

Ya turo keken waje. Ƙafar gaba ta juya, ta baya ta ƙi. Ta riƙa jan layi a jiƙaƙƙen yashi kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ya ɗaga bayan keken ya murza ƙafar da hannu, ta yi rabin zagaye da wani gurnani, ta tsaya cik. Saliha ta tuna cewa jiya ya ratsa bakin tafki da keken don mata masu wanki su gani, ya dawo ya wanke shi da sabulu har cikin hanjinsa. Ba ta faɗa ba. Ta ce dai ko za a kai wa Labo ya duba.

Labo ɗan kawun Ɗanlami ne, wato taubashinsa, kuma shekara talatin yana gyaran kekuna a ƙarƙashin dogon yaro na bakin masallaci. Ɗanlami ya ce Labo ya san kekunan kai niƙa, amma wannan keke ne mai littafi. Ya kifa shi a ƙofar gida, daidai inda duk mai wucewa zai gani, ya naɗe hannun riga.

Lokacin ba na aikin gona ba ne, an gama noma ana jiran girbi, saboda haka kafin ya gama naɗe hannu na biyu mutum bakwai sun samu wurin zama. Ya duba ƙarshen ƙarfen da ya ratsa cibiyar ƙafar, wanda masu gyara ke kira aksul, yana neman notin da zai kwance. Babu noti. Sai wani ɗan hannu na ƙarfe mai lanƙwasa, wanda tun da ya sayi keken yake ɗaukarsa ado ne. Ya aika a kawo taɓarya. Saliha ta miƙo ta daga zaure. Ya doki aksul ɗin ta dama, ya doke shi ta hagu, ya zagaya ya doke shi ta sama. A duka na shida ya samu babban yatsansa na ƙafa, ya zauna ya bayyana wa jama'a cewa ƙarfen Turai sai an ba shi lokaci ya yi tunani.

Ana cikin ba shi lokacin Labo ya iso yana sakace. Ya yi sallama, ya tambayi wa aka yi wa laifi har aka ɗauko taɓarya. Sannan ya sa yatsa ɗaya ya ɗaga ɗan hannun nan na ado, ƙafar ta sulale ta faɗo a cinyar Ɗanlami.

"Dukan ne ya sassauta shi," in ji Ɗanlami.

Labo ya murza aksul ɗin kusa da kunnensa, ya ce ba wani ciwo ba ne. Yashi ya shiga, giris ya bushe, notin ciki kuma ya matse. A wanke da kananzir, a sa sabon giris, a sassauta notin kaɗan, aikin minti goma.

"Kai da ba ka taɓa shiga lakol ba ko don fakewar ruwa, kai za ka gaya mini ciwon keken Faransa?"

"Na taɓa shiga sau ɗaya, Shef. Ranar da Gwaggo ta aike ni in gano ko har yanzu aji biyu kake, ko gadin ajin aka ba ka."

Jama'a suka yi dariya. Ɗanlami ya zare sifana biyu daga aljihun Labo ba tare da ya tambaya ba, ya kwance notin, ya fizge aksul ɗin gaba ɗaya. Ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke cikin cibiyar, waɗanda ake kira boris, suka zubo kamar an ɓare kwanson wake, suka watsu a yashi. Labo ya ce sha takwas ne, tara a kowane gefe, in ana son sani.

Kowa ya durƙusa nema. Ɗanlami ya rasa abin kwasar yashi, sai ya ciro ambulan ɗin daga aljihu ya mai da ita cebur, yana ɗiba yana tankaɗewa a tafin hannu.

"Malam," in ji Saliha daga zaure, a hankali. "Takardar."

Ya ce ba wanda zai koya masa darajar takarda. Ya hure ta, ya mayar aljihu. Aka tara boris a cikin hularsa aka ƙirga: sha bakwai. Aka sake ƙirgawa: sha bakwai.

Daidai nan kazar Saliha ta zo wucewa, wata wake-wake mai yawan ƙwai, wadda ta raina tun tana 'yar tsakuwa. Ta tsaya, ta karkata kai, ta tsinci wani abu a ƙasa ta haɗiye. Inna Tala, tsohuwar maƙwabciyarsu, wadda sai mutum ya yi magana take gane ko wane ne, ta rantse ta ga abin yana walƙiya har ya wuce maƙogwaro. Labo ya ce yana da boris cike da gwangwani a rumfarsa, a bar kaza ta yi harkarta. Ɗanlami ya ce boris ɗin Labo na Najeriya ne, jikin keken ba zai karɓe shi ba.

Aka kama kaza aka kife ta da kwando a kan faifai. Shef ya sa tabarau, ya zauna gadi da tsinke a hannu, duk abin da ta ajiye sai ya tona ya ba jama'a rahoto. Azahar ta wuce. La'asar ta wuce. Kunun da aka zuba masa ya yi fata. Da rana ta yi ja, ya yanke hukunci cewa kazar tana taurin kai, aka yanka ta. A cikin ƙundunta aka samu tsakuwa uku, da maɓallin riga, da rabin dutsen wuya, wanda Inna Tala ta ce nata ne tun bara. Tun da an riga an yanka, aka yi farfesu, masu taya nema suka taya ci. Saliha ce ta dafa. Da ta zo kwashe kwanuka ta ce saura kwana biyu. Ya ce yana da kalanda a kansa.

Ranar Laraba ta littafi ce. Ɗanlami ya ɗauko ɗan littafin da aka ba shi tare da keken, ya tafi da shi ƙarƙashin dogon yaro, gaban rumfar Labo, inda dattawa ke zama. Saliha ta bi bayansa da tulu kamar za ta famfo, ta tsaya inda za ta ji. Ya karanta shafin farko da ƙarfi, da irin muryar da ake karanta sanarwa a rediyo. Ba wanda ya gane, shi ma bai tsaya fassara ba. A shafi na tara ya ga hoton cibiyar ƙafa, da kibiya tana nuna cikinta, da kalma ɗaya a gindin kibiyar. Fuskarsa ta washe.

Kalmar, in ji shi, ita ce gires, kuma ba kalmar da ya sani a Faransanci kamarta. Shekara goma sha ɗaya matar shugaban buro tana aikensa sayen nama, kullum da gargaɗi ɗaya: kada a sa gires. Wato kada a sa kitse. Saboda haka abin da keken ke nema kitse ne. Ya rufe littafin ya dubi dattawa, ya ƙara musu da cewa shi ya sa kekunan Turawa suka fi gudu, don kiwonsu ake yi kamar dawaki.

Labo ya ajiye tayar da yake liƙi. "Gires," ya ce. "Giris. Shef, ba ka ji kamar uwarsu ɗaya ba?"

"Giris Ingilishin Jibiya ne. Gires Faransanci ne. Wanga keke bai taɓa ƙetare iyaka ba, ba ya jin wancan yaren."

"To ni abin da ke cikin gwangwanina, wane yare yake ji?"

"Na jahilai."

Labo ya ce ya gode, ya koma liƙinsa.

Da Ɗanlami ya je sayen kitsen, Baƙo mahauci bai yi gardama ba ko kaɗan. Ya tambaya dai, da fuska a ɗaure, ko keken ya fi son na rago ko na sa, kuma a barbaɗa masa yaji ko yana da gyambon ciki. Ɗanlami ya zaɓi na rago, na kan ƙoda, ya ce shi ne mai daraja. Ya kawo gida ya narka a tukunyar miyar Saliha. Ya jera boris sha bakwai, gurbin na sha takwas kuma ya tsotse magarya ya sa ƙwallonta, ya ce girmansu ɗaya, kuma a cikin duhun cibiya ba wanda zai tantance. Ya tsiyaya kitse da ludayi har ya tumbatsa. Ya ga saura a tukunya, ya shafe sarƙa. Ya ga har yanzu da saura, ya shafe haƙoran giya, ya bi da robobin birki, don kada wani sashe na keken ya ga an nuna masa bambanci. Notin da Labo ya ce a sassauta kuwa, ya taka sifana da ƙafa ya ɗaure shi har sai da jijiyar wuyansa ta fito.

Ya mayar da ƙafar, ya murza. Kitse na da zafi, ƙafa ta juya. Ta yi zagaye ɗaya, biyu, uku, ba gurnani. Masu kallo suka yi kabbara. Inna Tala ta ce ita dama ta san yaron nan yana da kai. Ko Saliha sai da zuciyarta ta ɗan saki, ta ce to ga azahar ba ta yi ba, in ya tashi yanzu zai samu gidan waya a buɗe.

Ya dube ta da tausayi. Ya ce wanda aka yi wa aiki ba a sallamarsa ran nan, ita da take aikin jinya ya kamata ta sani. Sai kitsen ya shiga jiki. Gobe da safe zai isa Agiye kafin ma'aikata su gama gaisawa.

Kafin magariba kitsen ya daskare ya zama kakide, fari fat, ƙafar ta koma kamar an gina ta da siminti. Saliha ta sake neman izini ta bi kabu-kabu. Ya ce maganar ta wuce.

Ranar Alhamis da safe aka tarar da layin tururuwa tun daga gindin katanga har zuwa cibiyar keken, masu shiga a dama, masu fitowa da kaya a hagu. Kyanwar Inna Tala ta lashe rabin sarƙa ta kwanta a gefe tana lumshe ido. Ɗanlami ya kakkaɓe su, ya ce wannan shaida ce kitsen mai kyau ne. Ya jingine keken a tsakar rana don ya narke, ya zauna a inuwa yana jira. Hantsi ya yi. Rana ta take tsaka saura kaɗan. Dama darakta ya gaya wa Saliha ta yi ƙoƙari ta isa kafin la'asar, ita kuma tana kallon inuwar katanga tana ƙanƙancewa.

Da ya shiga wanka ya rataye rigarsa a danga. Shekara ashirin da huɗu suna tare, Saliha ba ta taɓa sa hannu a aljihunsa ba. Ta tsaya ta dubi rigar. Ta tuna kazarta. Ta yi istigfari sau uku, ta zare ambulan ɗinta ta soke a ƙugu cikin zani. Ta ɗauko wata tsohuwa mai launi iri ɗaya, wadda take ajiye katunan rigakafi a ciki, ta juye katunan, ta zura littafin keken, ta mayar aljihun. Ta koma ta ci gaba da tsince wake.

Ɗanlami bai yarda ya tashi daga ƙofar gida ba. Ya tura keken har ƙarƙashin dogon yaro, sanye da farar riga da sabuwar hula, ya jira aka taru. Ya yi ɗan jawabi a kan ilimi da amfaninsa, da yadda wasu ke shekara talatin a kan sana'a ba su san sunan abin da suke shafawa ba. Labo ya saurara har ƙarshe, idonsa a kan ɗan hannun ƙarfen nan na aksul, wanda aka bari a buɗe, an ɗaure shi da tsumma don kada ya yi lilo.

"Shef, ɗan hannun nan."

"Na sani."

"Ba ka ji abin da zan ce ba."

"Duk abin da za ka ce, na sani."

Ya buga aljihunsa don Saliha ta ga wasiƙa tana nan, ya yi bismilla, ya hau. Rana ta narkar da kitse, keken ya tafi. Ya wuce masallaci yana ɗaga wa mutane hannu ɗaya. Ya wuce rumfar mahauta, inda karen Baƙo, wanda ba a taɓa ganin ya tashi don wani abu ba, ya ɗaga hanci, ya miƙe, ya bi baya. Notin da aka ɗaure da ƙafa ya fara ɗaukar zafi, cibiya ta fara soya abin da ke cikinta, ƙanshin tsire ya bi lungu-lungu. Karnukan mafarauta biyu suka fito daga gabas. Wata karya mai shayarwa ta bar 'ya'yanta. Kafin ya kai famfo sun zama tara.

Jama'a suka bi da gudu, Saliha a cikinsu tana tafiya da sauri, hannunta ɗaya a ƙugu. Ɗanlami ya ji hayaniya a baya ya ɗauka yabo ne, ya ƙara ɗaga hannu. Sai da karen Baƙo ya lashi diddigensa ya waiwaya. Nan ya tuna yana da giya ashirin da ɗaya, ya murɗa su duka a lokaci guda. Sarƙa mai santsi ta zame daga haƙoranta, feda ta riƙa juyawa a banza, ƙafafunsa na tuƙa iska kamar mai iyo.

Daga famfo hanya gangare take yi zuwa tafki, inda mata ke wanki, shanun Fulani kuma ke shan ruwa. Ya matse birki. Birkin da aka yi wa adalci da kitse ya rungumi ƙafar da laushi, ya sake ta. A tsakiyar gangaren aka ji ƙas, ƙwallon magarya ya fashe. Ƙafar baya ta cije, ta yi tsalle, ta fice daga mazauninta ta inda ɗan hannun nan yake a buɗe, ta faɗa cikin ciyawa, karnuka tara suka rufa mata. Sauran keken da Shef a kansa suka ci gaba da tafiya ba ita, suka ratsa tsakanin mata biyu da kwanon wanki, suka shige tafki.

Shanu suka ɗaga kai. Ruwa ya lafa. Can sai ga hannu ɗaya ya fito sama riƙe da ambulan, sannan hula da kainuwa a kanta, sannan Ɗanlami, ruwa iya ƙugu, farar riga ta koma launin kunun kanwa. Yadda aka yi ya ciro ta kafin ya nutse, ba wanda ya gani, kuma Saliha ta yarda har zuciyarta cewa wannan kam bajinta ce.

Ya tofar da ruwa, ya gyara tabarau. Ya shaida wa duk wanda ke bakin tafkin cewa a shekara goma sha ɗaya takardar gwamnati ba ta taɓa jiƙa a hannunsa ba, yau ma ba ta jiƙa ba, mai shakka ya matso ya gani. Ya buɗe ambulan, ya zaro abin da ke ciki ya ɗaga sama. Littafin ya buɗe da kansa a shafi na tara, ga cibiya, ga kibiya.

Labo ne ya fara magana, cikin natsuwa.

"Maraɗi za su ji daɗi. Sun daɗe suna neman ungozomar keke."

Mata masu wanki suka zube a kan kayansu. Baƙo ya riƙe cikinsa ya zauna a laka. Inna Tala ta yi ta tambaya wane ne ya faɗa ruwa, da aka gaya mata ta ce ita dama ta san yaron nan ba shi da kai.

Ɗanlami ya dubi littafin, ya dubi cikin ambulan, ya ɗaga ido yana neman matarsa. Saliha ta matso bakin ruwa, ta durƙusa kamar yadda take durƙusawa in za ta ba shi abinci, ta sunkuyar da kai.

"Malam, a ba ni izini in je Agiye."

Ya dubi hannunta da ke dafe da ƙugu, ya gane. Ya dubi jama'a. Ya cire kainuwa daga hula, ya gyara murya, ya ce kasancewar haɗarin da ya auku yana buƙatar bincike, kuma ba wanda zai iya binciken sai shi, ba zai samu sukunin barin gari yau ba.

"Na wakilta ki," ya ce.

Ta ce ta gode. Da ta juya ta ga Labo a cikin ciyawa yana ƙwatar ƙafar keke daga bakin karnuka, yana ce musu su bar masa ko da aksul ne, aikin minti goma ya riga ya zama na mako.

Hanya ta yi laka, sau biyu mai kabu-kabu yana sauke ta su tura. Sun shiga Agiye ana kiran azahar a wasu masallatai, an idar a wasu. Ta sayi tambur, aka nuna mata inda za ta manna a kan wasiƙar, ta manna, ta danna da babban yatsa har sai da ya yi fari. A gidan waya ta tarar da ma'aikaci ɗaya, dattijo mai furfura a gemu. Ya karɓi ambulan ɗin zai liƙe, sai ya tsaya. Ya shafa kusurwarta ta ƙasa. Ya kifa ta ya girgiza. Ɗan yashi ya zubo, sannan wani ƙaramin ƙwallon ƙarfe ya faɗo a kan tebur, ya gangara a hankali, ya tsaya a jikin kwalbar tawada yana walƙiya.

"Hajiya, wannan fa?"

Saliha ta dubi ƙwallon, ta gane boris na sha takwas ɗin da aka rasa ne.

"Kazata ce," ta ce.

Dattijon ya dube ta ta saman tabarau, ya ga ba wasa a fuskarta, ya ga kuma ba za ta ƙara komai ba. Ya tura mata boris ɗin da ɗan yatsa, ta ƙulle shi a bakin mayafi. Ya liƙe ambulan, ya ɗaga hatimi ya buga. Karatunta bai yi nisa ba, amma lambobi ta san su, don da su take auna jarirai. Ta sunkuya ta duba: ɗaya da biyu, tawada ba ta ko bushe ba. Ya miƙo mata ya nuna akwatin da ke jikin bango, ya ce ta saka da hannunta. Ta zura wasiƙar a ramin, ta riƙe gefenta na ɗan lokaci, sannan ta saki, ta ji saukarta a ƙasan akwatin.